Ɗankwalin Mama a Lisbon

Mama ta miƙe a cikin ƙaramin jirgin ƙasan da ke hawa tudun Lisbon, ta shiga rufe wa mutane tagogi.

"Mama, don Allah ki zauna," na ce, kunya kamar in nutse. "Nan ba ƙasarmu Sabiya ba ce."

"Iska ta san wata ƙasa ne? Ta shiga nan, ta fita can, sai gawa."

A garinmu kowa na tsoron iskar da ta ratsa tagogi biyu, amma Mama ta rantse iskar ce ta kashe Baba. Tun rasuwarsa baƙin ɗankwali bai bar kanta ba. Da ƙyar muka lallaɓo ta hutun nan, tun saukarmu da safe take cewa a mai da ita gida.

Mijina ya share gumi. "Mama, zafi ma yana kisa fa."

"Kai tumbinka zai kashe ka."

Yaranmu suka kwashe da dariya.

Sai jirgin ya sha kwana, ruwa ya bayyana can ƙasa, shuɗi, mai faɗin da Mama ba ta taɓa gani ba. Gilashin ya dushe. Ta goge, bai washe ba. Ta buɗe tagar ta leƙa.

Iska ta fizge ɗankwalin, ya bi saman gidaje. Muka zuba mata ido.

Farin gashinta na kaɗawa, ko waiwayowa ba ta yi ba.

"Kai mai gumi," ta ce, "buɗe waccan ma."