Bugun Misra Zai Raba Gardama

"Wata takwas, Salihu! Da jaki na aika, da tuni ya dawo!"

Goni Ari ya doka sandarsa a bakin rumfar Salihu mai sayar da littattafai. Salihu ya sake ba shi haƙuri. Tun da Ingila ta ɓata da Misra, kaya suka daina zuwar masa ta gidan waya, sai ta hannun alhazai masu biyowa ta Sudan.

Goni kuwa haƙurinsa ya ƙare. A bainar jama'a ya zargi Malam Baffa na Shahuci da ƙara layi guda a littafin rabon gado, ya rantse bugun Misra da ya sa Salihu ya nemo zai tona wa Baffa asiri. Shiru ya yi yawa, har ɗaliban Goni sun fara zamewa.

Ranar Laraba littafin ya iso cikin kayan wata hajiya. Goni bai ko buɗe ba. Ya tara mutane a zaurensa, ya aika aka kira Baffa, sannan ya miƙa wa Salihu littafin.

"Karanta da ƙarfi, Salihu!"

Salihu ya karanta. Layin yana nan daram.

Goni ya miƙe yana huci. "Wane jahili ne ya ba Misirawa wannan suka buga?"

Salihu ya juya shafin ƙarshe, muryarsa ta yi ƙasa. "An buga daga rubutun hannun Goni Ari, Ƙofar Ruwa, Kano."

Baffa ya gyara rawani. "Wanda ka sayar wa mahajjata shekara ashirin baya, Goni. Ni ma daga shi na kwafa."