Kusurwar Hagu

Ƙwallo na hannunsa, hanyar kwando a buɗe, lokaci na ƙarewa. Duk filin ƙwallon kwando na Jimeta ya miƙe tsaye.

"Jefa, ɗan nan, jefa!" in ji koci.

Shi kuwa ba mai jefawa ba ne. A ƙungiyarsu kowa da aikinsa: dogo ya tsare gindin kwando, shi ya raba ƙwallo, amininsa ya tsaya a kusurwar hagu ya ce "Waddu!", wato kawo da Fillanci, don kada baƙi su gane. Bara aminin ya tafi yaƙin basasa, kakinsa na soja kaɗai ya dawo unguwarsu, Wuro Hausa.

Ya ɗaga hannu zai jefa, sai ya ji muryar sarai daga hagu: "Waddu!"

Hannun bai yi shawara da shi ba, ya wurga hagu. Ƙwallo ya faɗi inda babu kowa, ya gangara waje. Aka busa tashi.

Ya sunkuyar da kai yana jiran zagi, ya ji shiru. Da ya ɗago, sai ga ɗan wasan baƙi, ɗan Maidugurin da aka sa ya tsare shi, can a kusurwar hagu, hannuwa a sama, har yanzu yana tsare wani da ba a gani.