Tukunyar da Ba Ta Fashewa

"Wannan ko jaki ya taka ta, ba abin da zai same ta," in ji Dokta Falalu, yana nuna wa ɗalibansa tukunyar da ke kan tebur.

Sai da ya yi rantsuwa kafin Hajiya Zuwaira ta ƙauyen Gaoui ta ara masa tukunyar kakarta. Ya kulle ta a akwatin gilashi. Sabon injin makarantarsu mai ƙera abu da roba ya fitar da irinta sak, aka shafe ta da jar ƙasa, domin ɗalibai su taɓa tarihi da hannuwansu masu maiƙo. Hajiyar tana zaune a gaba, an gayyato ta ta ga ci gaba.

"Ku duba," ya ce, ya ture tukunyar da gwiwar hannu.

Ta tarwatse. Roba ba ta irin wannan ƙara.

Daraktan makarantar ya matso, ya raɗa masa: "Dokta, ai ni na musanya su da safe. Wa zai kulle tsohuwar tukunya a gilashi, ya bar aikin sabon inji yana shan ƙura?"

Hajiya Zuwaira ta sunkuya. Ba ɓaraguzan take tsincewa ba, takalminta take cirewa.