Jinin Lafiyayye

"Wane sakarai ne ya cakuɗa min jini?" Likita ta maka takardar a tebur har kwalabe suka yi tsalle.

Shekara biyu tana bin diddigin cutar hanta a jinin masu allurar maye. Tsarin halittar ƙwayar cutar yakan tona asirin waɗanda suka yi tarayya a allura ɗaya. Yau jinin lafiyayyen da ake kwatance da shi ya fito da cutar, sak irin ta mai allurar maye lamba sha huɗu.

"Ranki ya daɗe, sau uku na maimaita," in ji mai gwaji.

"Rufe min baki! Ka san jinin wane ne?"

Ita ta sani. A ɗakin gwajin nan in an rasa lafiyayye, na gida ake roƙa. Mijinta ne ya miƙa hannun dama yana dariya, na hagun rufe cikin riga. Lamba sha huɗu kuwa ƙaninta ne, wanda mijin ya watsa wa kaya waje, wai ɗan shaye-shaye ba zai lalata masa gida ba.

Wayarta ta yi ƙara. Mijin ne.

"Uwargida, ina ƙofa. Na ci jarrabawar?"

"Shigo," ta ce. "Yau hannun hagun nake son gani."