Ranar da Inna Falha Ba Ta Yi Guɗa Ba

Inna Falha ba ta haifi ko ɗaya ba, amma duk yaron da ya taɓa zama a makarantar ƙauyenmu, nan bayan duwatsun Karak, ya ci gurasarta. Gidanta ne na ƙarshe a hanyar makaranta. Kullum da safe tana bakin murhu, tana miƙa wa yara gurasa mai zafi da ɗan man zaitun, tana haɗa musu da faɗa.

"Kai ɗan gidan Auda, goge majinar nan! Malam ne zai goge maka?"

Ba ta san ko alif ba, Allah sarki. Shi ya sa ta kafa dokarta: duk wanda ya kammala makaranta, sai ya tsaya gabanta ya karanta mata takardar shaidarsa da bakinsa, ita kuma ta rangaɗa masa guɗa. "Ladan gurasata ke nan," in ji ta. Kuma wallahi duk ƙauyen babu mai guɗa irin tata.

A bana wadda ta zo ta ɗaya ita ce Nofa, marainiyar da ta tashi a hannun kawunta Za'al. Za'al makiyayi ne mai kirki. Shekarar da rufin aji ya zube, shi ya fara sayar da tumakinsa aka gyara. Aibinsa guda, ba a zuga shi ya ƙi hawa.

Bikin yaye ɗalibai a wurinmu na kowa ne. Wannan ya kawo rago, wancan buhun shinkafa, tsofaffi suka kafa babbar rumfa da aka saƙa da gashin awaki a filin makaranta. Shugaban makarantar, Malam Salama, ya bi gida-gida da roƙo ɗaya: don girman Allah kada a yi harbin murna.

Nofa ma ta tare kawunta. "Kawu, ka ji abin da Malam ya ce. Yi mini alkawari."

"Na yi, 'yar lele. Ni da bindiga sai dai in kerkeci ya zo."

Ranar biki, Inna Falha ce a kan tukwane, tana ba da umarni tana ɗanɗana romon cukwi da za a kwarara a kan shinkafa da nama. Da aka kira sunan Nofa, yarinyar ta karɓi takardarta, ta sheƙo da gudu wajen murhu.

"Inna, ga ta! In karanta?"

"Tsaya tukuna, romon nan ya yi ruwa, za a ce Falha ta tsufa. Bari in ɗebo cukwin da na shanya a kan soro. Kada ki karanta wa kowa, kin ji ko? Kunnena ne na farko."

Tsohuwar ta ja ƙafa ta nufi gida.

A rumfar maza kuwa, Za'al na zaune baki har kunne, ana zuba masa gahawa. Sai maƙwabcinsa Mifli ya ɗaga murya.

"Ikon Allah! 'Yar Za'al ta doke 'ya'yan kowa, amma gari tsit kamar gidan makoki. Bindigar ce ta yi tsatsa, ko mai ita?"

Aka kwashe da dariya. Wani ya ƙara da cewa, "Ku bar shi, ai Malam ya ƙwace masa rawani."

Za'al ya ajiye kofi, ya nufi motarsa, ya dawo da bindiga. Malam Salama ya taso yana ɗaga hannu.

"Haba Malam, sama zan harba. Wa ke sama in ba tsuntsu ba?"

Ya ɗaga bakin bindigar sama ya saki wuta. Maza suka yi shewa, aka buga ganga, aka haɗa kafaɗa ana rawa. Shi kaɗai ya yi harbi ranar, kuma idonsa cike yake da hawayen farin ciki, wannan kowa ya gani.

Aka ci abinci da romon yadda yake, aka rufe wa Inna Falha nata kason. Za'al ya kira Nofa ta karanta masa takardar, ta maƙale kafaɗa, fushi take da shi. "Sai Inna ta fara ji."

Da Inna ta daɗe ba ta dawo ba, Nofa ta bi ta gida. Ta yi sallama, babu amsa. Ta hau matakala.

Inna Falha na kwance a gefen tabarmar shanya, cukwi ƙulle a haɓar mayafinta. Harsashin da ya tafi sama ya dawo, ya shige ta tsakanin wuya da kafaɗa. Ta riga ta cika. A can filin makaranta ganga ba ta daina ba.

Za'al da ƙafarsa ya kai kansa wurin 'yan sanda. Har yau yana tsare. Masu kai masa ziyara sun ce ba ya maganar kowa sai Falha, wadda shi ma ya ci gurasarta lokacin da yake kai Nofa aji ɗaya a kafaɗa. Mifli kuwa ya daina zama cikin mutane.

Bayan an share makoki, maƙwabta suka ji murya da safe a gidan Inna Falha. Nofa ce tsaye gaban murhun da ya yi sanyi, tana karanta takardarta da ƙarfi, tun daga sunan makaranta har sa hannun Malam. Ta kai ƙarshe ta dakata, ta jira. Babu wanda ya yi guɗa.

Jama'a, duk harsashin da aka harba sama sai ya sauko, kuma bai san gidan masoyi ba. Mu yi murnar 'ya'yanmu da guɗa da ganga da addu'a, mu bar bindiga a inda take, kuma mu daina zuga mai ita.