Rawar Ashafa a Kan Kafet

Ashafa ya daki ƙusa ta ƙarshe, ya ɗaga takalmin yana kallo. Marfin kwalba goma sha biyu a kowace ƙafa. Ya taka siminti, kwas-kwas, har kajin Panshekara suka watse.

Duk Kano babu wanda ya san tarihin Taurarin Bompai kamar ni, don haka a saurara. Su huɗu ne, leburorin wani kamfanin alewa. Bulus ya kawo muryar ƙasa daga mawaƙan coci. Ishaya na da siririyar murya kamar sauro ya yi karatu. Ɗan'auta shekara shida bai taɓa faɗin komai ba sai "uuu". Waƙoƙin baƙaƙen Amurka suke haddacewa daga faifai, suma tuli, kwat iri ɗaya. Ashafa kuwa ko atishawa ba ya yi daidai da kiɗa, sai dai ƙafa. A silima ya ga rawar takalmi, ya rantse tasa ce.

A 1983 aka fara rage ma'aikata, sunan Ashafa na sama. Bulus ya je ya durƙusa wa mai kamfani, Alhaji Lawan.

"Ranka ya daɗe, a bari baƙinku masu zuwa su ga rawarsa tukuna."

"Idan sun tafa, ya zauna," in ji Alhaji. "Idan ba su tafa ba, ya bi takalmansa."

Ranar Laraba da hantsi baƙin suka iso, Turawa biyu masu sayar da injin. Taurari suka isa ƙofar ofis, suka tuɓe takalma kamar yadda kowa yake yi a gaban Alhaji, suka shiga suka gaishe shi. Sai da Ɗan'auta ya ja "uuu" sannan Ashafa ya dubi ƙasa. Ƙafa tsirara, kafet mai kauri kamar katifa. Komawa ya sako takalmi a gaban Alhaji? Gara kora.

Alhaji ma ya dubi ƙafafun. Ya girgiza kai, ya yi wa sakatariyarsa Hajjo raɗa, ta shige bayan labule.

Ashafa ya yi bismilla, ya runtse ido, ya ɗaga ƙafa.

Kwas-kwas-kwas.

Ya buɗe ido. Ya sake takawa. Kwas-kwas-kwararas! Sautin na gudu, shi kuma ya bi shi da gudu. Sautin ya tsaya, Ashafa ya daskare da ƙafa ɗaya a sama. Ya ɗan juya, sai wata ƙararrawa ta ce ƙirrin. Ishaya ya manta baitinsa. Bulus na waƙa yana salati irin nasu. Bature ɗaya ya durƙusa yana leƙen diddigen Ashafa, bai ga komai ba sai kaushi.

Tafi ya ɓarke. Alhaji da kansa ya miƙe.

"Kai, ɗan nan, aljanu gare ka?"

"Gado ne, ranka ya daɗe," in ji Ashafa yana haki. "Kakana a kan yashi yake yi."

Nan take aka ba shi muƙamin foman, shugaban leburori.

A bayan labule, Hajjo, da ba ta san wainar da ake toyawa ba, ta gama bugun kwas-kwas, ta zare takardar korar Ashafa daga tafireta, ta fito neman sa hannun Alhaji.