Ƙofar Hagu

Ranar Asabar, goma sha huɗu ga watan Satumba na 2024, da ƙarfe uku da kwata na yamma, Alkasim makanike ya yaye tampol daga kan tsohuwar bas a garejinsa da ke unguwar Morrisania, can ƙasar Turawa. Bas ce ƙirar Ingila marar bene, koriya, sitiyarinta a dama, ƙofarta a hagu. Shekara biyu ya yi yana gyaranta bayan ya sa an ɗauko ta a jirgin ruwa daga wani kango a Kumasi ta ƙasar Ghana.

Tsofaffin direbobi suka kewaye ta. Wani ya shafa fitila, wani ya roƙa a tayar da injin don ya ji ƙarar da ya daɗe bai ji ba. Aka raba goro. Da aka zo kan Muniru sai ya girgiza kai, kamar yadda ya saba.

Muniru dattijo ne mai shekara saba'in da biyu, ya daina tuƙa tasi da daɗewa. Duk mai zama a ƙofar masallacin da ke titin Grand Concourse ya san ba shi da wata hira sai ta wannan bas. Ya haddace lambarta ta baya. Ya san jan layin da ya ratsa gefenta na hagu, ya san yadda ƙofarta take naɗewa gida biyu, ya san matattakalarta ta ƙasa ta karkace. Da bayaninsa Alkasim ya nemo ta, da shi kuma ya yi mata fenti. Idan aka tambaye shi yadda giyarta take, sai ya ce shekaru sun ja. Abokansa suka laƙaba masa Direban Ingila, bai taɓa amsawa ba, bai kuma taɓa hanawa ba.

Yau da ƙyar ya zo. Alkasim ya gaya masa tun ranar Laraba cewa wata mata ta ga hoton motar a waya, ta gane lambar, kuma tana son ganin wanda ya tuƙa ta a shekarar 1974. Tun daga ranar Muniru bai ci abincin kirki ba. Shekara hamsin ke nan yana tsoron ranar da wani zai zo masa da maganar waccan shekara.

Alkasim ya miƙa masa makulli, ya ce yau kowa zai ga tuƙin da. Muniru ya ce gwiwarsa ba za ta iya hawa ba. Ya koma bayan motar, ya tsaya ta ɓangaren hagu, yana kallon ƙofa.

A nan matar ta same shi. Sunanta Adjoa, ma'aikaciyar jinya ce, ta kusa shekara sittin, kuma a unguwar Aboabo ta Kumasi ta girma, saboda haka Hausarta ta zango ce. Ta durƙusa kaɗan ta gaishe shi, sannan ta ba da labarin ba tare da ta ɗaga murya ba.

A watan Agusta na 1974 Ghana ta koma tuƙi a hannun dama. Motocin Ingila kuwa ƙofofinsu suka ci gaba da zama a hagu, don haka duk bas ɗin da ta tsaya a bakin hanya, fasinja a tsakiyar titi yake sauka. Kwana tara da canjin, ita da mahaifiyarta suna dawowa daga kasuwa. Direba ya tsaya, ya buɗe ƙofa kamar yadda hannunsa ya saba. Mahaifiyar ta juyo ta ce mata ta riƙe kwando, sannan ta sa ƙafa a matattakala don ta sauka. Wata lori ta taho ta baya da gudu, ta kaɗe mahaifiyar.

Muniru ya dafa jikin motar.

Adjoa ta ce ta ji labarin cewa direban bas ɗin ya ajiye aiki a makon, ya bar gari, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Ta ce ta daɗe tana tunanin irin nauyin da ya ɗauka.

"Baba, abin da ya kawo ni ke nan," ta ce. "Ba ku da laifi. Ƙofa a inda aka yi ta take. Na yafe muku tun ina yarinya, ban dai sami inda zan faɗa ba."

Muniru ya buɗe baki. "'Yata," ya ce, sai maganar ta tsaya.

Ta riƙe hannunsa da hannayenta biyu, yadda take riƙe na marasa lafiya. Ta ce mutum ɗaya ne ta kasa yafe wa, kuma ta gwada. Mai lorin ya rage gudu, ta ga ya leƙo, huhun goro ɗaya ya faɗo ya tarwatse a titi, sannan ya taka mota ya wuce. Shi kam, ta ce, sai sun haɗu gaban Allah.

Alkasim ya share ido da bayan hannu, ya ce Alhamdu lillahi, yau Direban Ingila ya sauke kaya. Aka yi addu'a. Adjoa ta ɗauki hoto da shi a gaban ƙofar, ta tafi ta kama jirgin ƙasa.

Muniru ya tsaya a wurin har aka mayar da tampol. Bai taɓa shiga wannan bas ba, ko sau ɗaya. A shekarar 1974 lorin goro yake tuƙawa.